Jihata ta fi taku: wa ke da Surame, wa ke da kirari?

Uwar Zaure: Assalamu alaikum jama'a. Kamar yadda muka tsayar, bayan Sallah za mu yi zaman al'ada. Shawarar da aka kawo ita ce kowa ya wakilci jiharsa, ya zo da shigarta da kirarinta da abu guda da yake ganin babu inda ake yin sa kamar can. Minti goma-goma. Kowa ya faɗi abin da zai kawo tun yanzu don kada a yi karo. Roƙona ɗaya ne, a yi wasa, kada a yi zagi.

Na-Dala: Wa alaikumus salam, Hajiya. Minti goma? Ai a minti goma Kano ko gaisuwa ba ta gama ba. Kano ta Dabo, tumbin giwa, yaro ko da me ka zo an fi ka. Hawan Sallah kaɗai ki duba: ranar idi a hau, washegari hawan Daushe, sannan hawan Nassarawa, a rufe da Ɗorayi ko Fanisau. A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan nan cikin jerin al'adun duniya da sunan Kano. Ban taɓo kasuwar Kurmi ba, wadda ke ci tun zamanin Muhammadu Rumfa, ban taɓo karofin Ƙofar Mata ba. A ba ni awa guda, sauran su raba abin da ya rage.

Ɗan Gobarau: Ga shi nan, tun ba a fara ba Bakano ya fara ciniki. Mu ba mu iya cika baki ba, Katsina ɗakin kara, kunya gare mu ba dai tsoro ba. Ni hasumiyar Gobarau zan kawo, ginin ƙasa da ya haura shekara ɗari biyar yana tsaye. In an ce a ƙara, ga Wali Ɗan Marina da Ɗan Masani. In an ce boko, Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Kuma rijiyar Kusugu da Sallar Gani ta Daura duk a jiharmu suke. Alhaji, in ana maganar tushen Hausa sai ka ɗan rage murya.

Baba Malam: Ɗana, kwalejin da kake taƙama da ita ta daɗe da yin ƙaura. Ta bi ta Kaduna, ta zo ta zauna a Zariya, ita ce Barewa. Mun riƙe muku ita amana, ba kuma za mu mayar ba.

Na-Dala: Baba, Allah ya ƙara girma, amma Bazazzagi ba ya shiga maganar manya sai ubangidansa Bakano ya ba shi izini.

Baba Malam: Bawa dai ba ya rasa baki. Ci gaba, ina jin ka.

Ɗiyar Kanta: Ku gama in shigo. Alhaji Na-Dala, takardar da kake ɗagawa ta 2024, mu tun 2016 bikin kamun kifi na Argungu ya samu irinta. Shekara takwas muka ba ku. Kuma bikinmu yana da dalili. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu, bayan doguwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato, aka yi masa su don girmamawa, daga nan abin ya zama na shekara-shekara. Wanda bai taɓa tsayawa bakin Matan Fada ya ga dubban masunta sun ruga ruwa lokaci guda da homa da gora ba, kada ya ce ya ga taro. Zan kawo wannan, in haɗa da labarin Kanta da birninsa Surame.

Na-Hubbare: Hajiya, tsaya kaɗan. Argungu taku ta, ba mu ja ba. Amma Surame hwa cikin ƙaramar hukumar Binji take, jihar Sakkwato. In jiha-jiha anka ce a yi, to ni ad da Surame, kuma na riga na sa ta cikin abin da za ni kawowa, tare da Hubbaren Shehu da kuhwan Alƙalawa.

Ɗiyar Kanta: Ikon Allah! Birnin da Kanta ya gina da hannun Kabawa shi ne ya zama naka? Don wani ya ja layi a takarda?

Na-Hubbare: Ba ni nij ja layin ba. Ku kunka nemi jiha, anka ba ku a 1991, kunka tahi kunka bar kuhwan kakanninku wurinmu. Wanda yab bar gida ya bar kayan gida.

Ɗiyar Kanta: To in haka ne Gwandu tamu ce, da kabarin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Kada in sake jin Basakkwace ya ambace shi.

Na-Hubbare: A'a, wanga kuma ƙanen Shehu na, ba a raba mu da shi.

Ɗan Gobarau: Kun gani ko? Nasa nasa ne, na wani ma nasa ne.

Baba Malam: Ku ba ni dama in ɗan yi tsawo, tsohon malamin makaranta ba ya iya gajarta magana. Wannan rigimar ta Surame ita nake jira tun da Hajiya ta ce "jiha". Ni da nake rubutun nan na girmi kowace jiha da ke Arewa. An haife ni ana cewa lardin Zazzau. A ranar 27 ga Mayu 1967 Gowon ya yanka ƙasar nan jiha 12, aka wayi gari mu da Katsinawa muna jiha guda, Jihar Tsakiyar Arewa. A 1976 Murtala ya mayar da su 19, tamu ta koma Kaduna. Katsina ba ta tsaya da ƙafarta ba sai 1987. Jigawa da Kebbi da Yobe 1991. Zamfara da Gombe da Nasarawa 1996, zamanin Abacha. Duk sojoji ne suka yanka, kuma ba don kirari suka yanka ba, don rabon mulki da kasafi ne.

Yanzu ku auna. Ganuwar Kano an fara ta tun zamanin Sarki Gijimasu, ƙarni na 12. Jihar Kano kuwa ba ta kai shekarun wasu daga cikinmu ba. Duk abin da kuka lissafa tun safe, hawa ne, su ne, hasumiya ce, na masarauta ne ko na gari ko na wata sana'a. Babu ɗaya da jiha ta haifa. Ku duba kirarin ma: Kano ta Dabo, Katsina ta Dikko, Bauchin Yakubu, Gusau ta Sambo, Sakkwato birnin Shehu. Gari ake kira da sunan mai shi. Abin da jiha take da shi shi ne taken da aka rubuta a lambar mota, shi ma da Turanci.

Ba cewa nake kada mutum ya so jiharsa ba. Cewa nake mun ɗauki rigar yaro muna son sa wa kakansa, shi ya sa take yagewa a Surame.

Tarin Allah: Baba, Allah ya ja kwana, ban ƙi taka ba amma ban karɓa duka ba. Ku da garuruwanku suka yi suna tun da, da sauƙi ku ce jiha layi ce kawai. Mu fa? Kafin 1991 duk abin da ya fito daga Haɗejia ko Gumel ko Kazaure, in ya isa Legas sunansa "na Kano". Riɗinmu na Kano, dabinonmu na Kano, shanun Maigatari na Kano. Zanen da ke jikin duwatsun Birnin Kudu ma a lissafin Kano yake. Jiha ce ta ba mu bakin cewa ga mu. Ni an haife ni bayan an yi Jigawa, ban san wata uwa ba sai ita. In na ce ni ɗan Jigawa ne, har cikin raina nake ji, ba lambar mota nake karantawa ba.

Na-Dala: Ƙanena, har yanzu in za ka sayar da riɗin ina kake kai shi? Dawanau. Ɗa ba ya fin ubansa.

Tarin Allah: Yaya, shi ya sa muka bar muku hayaniya muka ɗauki zaman lafiya.

Baba Malam: Ɗana na Jigawa, ka kama ni a wuri guda, na yarda. Wanda aka daɗe ana kira da sunan maƙwabcinsa ya fi kowa sanin daɗin sunansa. Amma tambaya: ranar zaman, wace shiga za ka yi? Masarautu biyar gare ku, Dutse, Haɗejia, Gumel, Kazaure, Ringim. Gumel ta Mangawa ce, tarihinta ya fi karkata Borno, ba ta ƙarƙashin tutar Sakkwato. Bahaɗeje kuwa ko a harshe ka ji shi ka san ba Bakazaure ba ne. Wanne ne "na Jigawa" a ciki?

Tarin Allah: Gaskiya na Haɗejia zan yi, don nan ne gidanmu. Amma zan ce daga Jigawa nake.

Baba Malam: Madalla. Ka ga ka amsa da kanka, kuma ban hana ka rabin na biyun ba.

Na-Maraɗi: Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Ina ta karatu ina dariya. Hajiya ta ce kowa ya kawo jiharsa, to ni jihar Maraɗi ce tawa, a Nijar. Amma sarkinmu sunan sarautarsa Sarkin Katsina, domin zuriyar sarakunan Katsina na kafin jihadi nan suka zo suka kafa gari. Kusa da mu ga Tsibiri, inda sarautar Gobir ta koma bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808. To Ɗan Gobarau, in ka tashi kirarin Korau, ni zan amsa ko kai? Kuma Malam Na-Hubbare, kufan Alƙalawa na wurinka, masu Alƙalawa na wurinmu.

Ɗan Gobarau: Kai ɗan uwa ne, babu musu. Mu raba: ku ɗauki Korau, ku bar mana Dikko.

Na-Maraɗi: Ba mu raba komi. Ni dai kokowa zan kawo. Wanda bai ga gasar takobi ba, wadda ake yi tun 1975 jiha-jiha, ƙasa duk ta tsaya cik ana sauraren rediyo, bai san alfahari da jiha ba. A nan kam, Baba, jiha ta haifi abin ta. In ɗan kokowar Maraɗi ya kayar da na Dosso ko na Tawa, ranar ba mai barci.

Baba Malam: Wannan hujja ce mai kyau, na karɓa. Kokowar ta girmi jihar, amma gasar ta jiha ce. Irin taku ta Maraɗi mu ma muna da ita: sarautar Zazzau ta dauri tana Suleja, a jihar Neja, kuma har yau Sarkin Zazzau ake ce wa mai ita.

'Yar Fage: Ni tun ɗazu nake rubutawa ina gogewa. Hajiya, ki gaya mini jihar da zan wakilta. Kakana ya baro Ƙaurar Namoda a jirgin ƙasa yana saurayi, ya sauka Kano, bai koma ba. A Fage aka haifi babana, a Fage aka haife ni. Ban taɓa kwana bakwai a jere a Zamfara ba. Bakina Kananci ne, in na je can dariya suke yi mini, suna cewa Bakanuwa ta zo. Amma lokacin da na nemi takardar shaidar asali don neman gurbin karatu, wani ma'aikaci ya dubi sunan garin da ke jikin sunan kakana ya ce in koma can su ba ni. Na je can, aka ce wa ya san ni, sai da aka nemo wani tsoho da ya tuna kakana. Ranar na yi kuka a mota tun daga Gusau har Funtuwa.

Saboda haka in ana wannan wasa na jihata ta fi taku, ina dariya tare da ku, amma wani gefen zuciyata ba ya dariya. Abin da yake kirari a bakinku, a wurin wasunmu ƙofa ce da ake rufewa.

Uwar Zaure: Allah sarki, 'yata. Wallahi ban kawo wannan a raina ba da na tsara abin.

Na-Dala: Ƙanwata, wannan ma'aikacin bai san Kano ba. Garin nan baƙo ne ya gina shi. Je ki cikin birni ki karanta sunayen unguwanni: Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Ayagi ta Yarbawa, Dandalin Turawa inda Larabawa suka zauna, Agadasawa. In za a ce kowa ya koma inda kakansa ya fito, Kurmi sai ta zama kufai. Ke Bakanuwa ce, ni na faɗa, kuma ranar zaman tare za mu tashi.

'Yar Fage: Na gode, Yaya. Sai dai kai ba ka sa hannu a takarda.

Na-Dala: Wannan kuma gaskiya ne. Na yi shiru.

Ɗan Zuru: Tunda an fara faɗin gaskiya, bari in ƙara tawa. Anti Ɗiyar Kanta ta ce za ta wakilci Kebbi da Argungu. Ni ma ɗan Kebbi ne, amma ban taɓa riƙe homa ba. Mu Lelna ne, waɗanda kuke kira Dakarkari, harshenmu daban. Bikinmu Uhola ne, na godiya bayan an kawar da amfanin gona. Muna da golmo, inda saurayi zai yi shekaru yana noma a gonar surukai kafin a ba shi mata, kuma wanda bai yi ba ba a ɗaukarsa cikakken namiji. Ga Yawuri da wasan jiragen ruwa a kan Kwara. Masarautu huɗu ne a jihar: Gwandu, Argungu, Yawuri, Zuru. Amma da an ce "al'adar Kebbi" sai a nuno mutum da ƙaton kifi. Hausar nan da nake rubutawa ina son ta, da ita nake ciniki, da ita na yi zance har na yi aure. Ina dai so a san cewa ba ita kaɗai ce a gidan ba.

Ɗiyar Kanta: Ƙanena, ka yi gaskiya, kuma kunya ta kama ni. Shekarata nawa a jihar nan ban taɓa zuwa Uhola ba. Mu raba mintunan, biyar naka biyar nawa.

Ɗan Zuru: Anti, golmo shekaru ake yi, ba ya shiga minti biyar.

Inna Mai Shantu: Ni kuma duk ku ba ni haushi kuke, ku yi haƙuri. Tun safe dawaki, sarakuna, ganuwa, yaƙi. Ina abin da ake yi a tsakar gida? Bambancin gari da gari ai a wurinmu yake fitowa. Yadda ake kamu a Kano ba haka ake yi a Sakkwato ba. Waƙar da ake yi wa amarya ranar da za a kai ta, da yadda ake jere, da abin da ake sawa a gara, da waƙoƙin gaɗa na dandali, da kiɗan ƙwarya, da waƙar daka da ta niƙa, kowane gari da nasa. Masar Bauchi ba a fada aka koye ta ba, gurasar Kano ma haka. Kuma hawan Sallah ba zai ɓata ba, yana da masu kashe masa kuɗi. Waƙar niƙa kuwa injin markaɗe ya riga ya binne ta. Jikata ta ga shantu a ɗakina ta tambaye ni ko na zuba furanni ne. In dai da gaske alfahari kuke, ku je ku ɗauki muryar tsofaffin gidanku a wayar nan da kuke ta musu da ita, tun suna da rai.

Uwar Zaure: Inna, kin gama magana. Na sa ki a jerin masu tashi, ko kin so ko kin ƙi.

Ɗan Gobarau: Maganar Inna ta tuna mini. Alhaji Na-Dala, tsakaninka da Allah, yaushe rabonka da Ƙofar Mata? Kuma ganuwar da ake ta ambato, nawa ta rage?

Na-Dala: Ka taɓo inda yake mini ciwo. Rabona da karofi tun wata ziyara da aka kai mu muna firamare. Na wuce ta bakin wurin ba adadi, ban leƙa ba. Ramuka da yawa sun daina aiki, masu rinin da suka rage yawancinsu dattawa ne, shuɗin baba ya kasa gasa da atamfar kanti. Ganuwa kuwa, wani wurin an ci ta da gini, wani wurin an kwashe ƙasar, wani wurin ta zama juji. Mu muka yi, ba baƙo ba. Amma kai ma kada ka yi mini dariya, sau nawa ka hau Gobarau?

Ɗan Gobarau: Sau ɗaya, shi ma wani baƙo na raka.

Ɗiyar Kanta: Mu ma bikin namu sai da ya yi kusan shekara goma ba a yi ba, sai a 2020 aka dawo da shi. Yaran da suka tashi a tsakanin nan a hoto kawai suka san shi.

Na-Hubbare: Ni dai tunda gaskiya aka hwaɗi, Surame ɗin da nika jayayya a kanta, ban taɓa zuwa ba. Hanya ta dai nis sani.

Ɗiyar Kanta: La ilaha illallahu! Duk wannan rigimar? To ni ma ban taɓa zuwa ba.

Tarin Allah: Baba Malam, kana ina? Zo ka ga masu birni.

Baba Malam: Ina nan, dariya ce ta hana ni rubutu. Ni na je, da ɗalibai, shekaru da yawa da suka wuce. Ganuwar dutse ce, ta kewaye fili mai faɗin gaske, daji ya cinye cikinta. Ku haɗa kuɗin mota ku je tare, in kun isa sai ku raba duwatsun.

Uwar Zaure: To ga yadda za a yi, kuma ba na son ƙorafi. An fasa jiha-jiha a matsayin sharaɗi. Kowa ya kawo abin gidansu, ya faɗi garin, in yana so ya faɗi jihar. Wanda yake da gida biyu kamar 'Yar Fage ya kawo biyun. Kowa kuma ya zo da abu guda da ya ji daga bakin wani tsoho, ba wanda ya kwafo a intanet ba. Kirari da tsokana suna nan, ban hana ba, Bakano da Bazazzagi ku ci gaba da abinku, haka Katsinawa in Banufe ya shigo.

Tarin Allah: Hajiya, ni dai da tutar Jigawa zan zo, an fasa ko ba a fasa ba.

'Yar Fage: Akwai wata ƙanwar kakana da ta rage a Ƙaura, ta haura tamanin. Zan kira a haɗa ni da ita gobe. Ban ma san me zan tambaye ta ba.

Inna Mai Shantu: Ki tambaye ta waƙar da aka yi mata ranar da aka kai ta ɗaki. Za ta ce ta manta. Ki yi shiru kawai, kada ki kashe wayar.

Na-Dala: Hajiya, maganar mintunan nan fa? Ko ashirin a ba ni.

Uwar Zaure: Goma, Alhaji. Kuma biyar daga ciki na 'Yar Fage ne, kai ka yi alkawari.